Mai Jiran Mutuwar Taurari

Tun shigowarsa asibitin nas ɗin take kallonsa: dogo, siriri, tabarau ɗaure da zare, riga ba guga. Yana riƙe da hannun mahaifiyarsa kamar wanda aka bar wa ajiyar kayan wani.

Wayarsa ta yi ƙara. Nan take ya saki hannun, tsohuwar ta dafa bango.

"Hasken gamma ne!" yake gaya wa mutanen layi, ba wanda ya tambaye shi. "Na'urarmu da ke sararin samaniya ce ta kamo shi. Tauraro ne ya fashe tun kafin a yi duniya, sai yau haskensa ya iso. In ban auna yanzu ba, ya dushe."

Ya duƙufa yana latsa wayar, fuskarsa sai annuri. Nas za ta iya rantsewa ba a taɓa ganin wannan fuskar a gidansu ba.

Ita ta kama tsohuwar ta zaunar. "Malam, Mama na haki fa."

"Ina zuwa."

Tsohuwar ta gyara mayafinta. "Ƙyale shi, 'yata. Ni ma sai na daɗe da mutuwa labarin zai iso masa. Ranar sai ya auna."