Baba Iorliam, Mai Tauna Maganar Mutane

Kullum da hantsi, kafin motocin Doma da Obi su gama sauke doya, Baba Iorliam yana kan bencinsa a gindin mangwaron bakin kasuwar doya ta Lafia. Zai ɓara goro, ya jefa ɓari ɗaya a baki, ya ajiye ɗayan a gefensa saboda wanda zai zo ya zauna. Yanzu sau da yawa da ɓarin nan yake komawa gida a aljihu.

Baƙo sai ya ɗauka wani tsoho ne da zaman gida ya isa. Ina! Tun yana saurayi shi ne tafintan kasuwar nan. Ɗan Tibi ne, yarensu a nono ya sha, Hausa kuma a bakin 'yan kasuwa ya tsince ta. Ba wanda ya naɗa shi. In dai murya ta fara tashi, sai ka ji an ce, "A kira Iorliam."

Yau kowa tattaunawa. Rediyo na da shirinta, 'yan siyasa na da teburinta, ko cacar baki ake yi sai a ce ana tattaunawa. Shi Baba abin da yake faɗa kullum shi ne, "Daga tauna aka samo ta. A tauna, a sake taunawa. Wanda ya haɗiye maganar ɗan'uwansa bai tauna ba, ita za ta shaƙe shi." Shi ya sa ba ya fassara da gaggawa, sai ya juya goronsa tukuna.

Shima, wani manomi ɗan Tibi daga Obi, da bakinsa yake ba da wannan labari. Alhaji Sharfaddeen, sabon zuwa daga Kano, ya sayi tulin doya a hannunsa, ya tafi neman mota. Ya dawo, wayam! Shima ya ce, "Ɗan'uwanka ya kwashe." Alhaji kuwa ba shi da ɗan'uwa namiji a Lafia, sai ya ce da Shima ɓarawo. Shima ya mayar da martani da yarensu. Kafin ka ce kwabo, mutane sun rabu gida biyu, an fara ambaton masallaci da coci, wani har ya ɗauko sanda.

"Me ya ce?" in ji Alhaji.

Baba ya tauna goro. "Ya ce ka yi haƙuri ka saurare shi, ranka ya daɗe." Sai ya juya ga Shima ya ce, "Ɗana, wannan ɗan'uwan, me ya sa a jikinsa?"

"Ya ɗaura zani, ya yafa gyale."

Ashe Hajiya Bilqis ce, ƙanwar Alhaji, ta samo mota ta kai masa doyar gida. Baba ya ce, "Alhaji, a Hausar Lafia 'ya' motar kasuwa ce, mace da namiji duk tana ɗauka." Aka fashe da dariya, mai sanda ya sulale. Shima yakan ce, "Allah ya sani, ba haƙuri na ba shi ba. Baba ne ya haɗiye zagin."

Kai ne, Baba, cikin da zagin kasuwar nan ya kwana a ciki. Naka suka ce ka zama Bahaushe, Hausawa suka ce ai Tibi ne, nasu zai bi. Ka tsaya a tsakiya kai kaɗai, kuma ba mu taɓa tambayarka ko tsayuwar da ciwo ba.

Yanzu kunne ya yi nauyi, aikin ya ƙare. Matarsa Mama Iveren, wadda yake mayar wa labarin kasuwa kowace yamma, ta rasu. 'Ya'ya na bugo waya daga Makurdi, ya kara a kunne, ya yi ta cewa "To, to," bai ji komai ba. A kasuwa ana gaishe shi daga nesa. In wani ya tsaya, Baba ya ce, "Me ka ce?" sai a ɗaga hannu a ce, "Ba komai, Baba," a wuce. Wallahi abin da ban tausayi. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana sauraron mutane, yau bakunansu kawai yake kallo.

Mun gode, Baba Iorliam. Allah ya saka, ya ƙara lafiya. Matasan kasuwa, ku koyi taunawa kafin ku mayar da magana. Amma kafin nan, bencin yana nan, ɓarin goron yana nan. Ku je ku zauna. In ya ce, "Me ka ce?" ku matsa kusa ku maimaita, in ya sake tambaya ku sake faɗa. Ai shi ya koya mana cewa tauna ɗaya ba ta zama tattaunawa.