Ƙwayar Shinkafa a Kan Rimot

Ni ban yi karatu ba, ko na allo bai yi nisa ba. Bakina ne ke faɗa, hannun maƙwabciyata ke rubutawa. In kuka ya zo mini sai ta ajiye biro ta jira ni.

Babban ɗana, wanda ke aiki a Rabah, shi ya kawo mana talabijin nan Wurno. Aka kafa faranti bisa ɗaki, aka haɗa da sola, aka miƙa wa maigidana rimot. Malam ya san lambobi tun yana harkar albasa, don haka bai sha wuya ba. Ni kuwa in na duba abin, sai in ga madannai reras kamar an shanya wake, kowanne kamar ɗan'uwansa.

Ba yawan kallo nake ba. Tasha ɗaya ce ta kama mini zuciya, wadda ke nuna Ka'aba dare da rana, mutane na ta ɗawafi ana karatu. Allah bai nufe mu da zuwa ba, ni da shi. Bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarma mu zauna gabanta. Amma in Malam ya tafi fadama, sai in zauna da baƙin gilashi har ya dawo.

Wata rana ya tarar da ni haka, ya yi dariya.

"Ke 'yar Goronyo, kin tsare shi kamar mai gadin dam ɗin garinku. Mi kike jira?"

"Kai nike jira, tunda da kai kaɗai yake magana."

"Idonki bai san boko ba, amma hannunki ya san hatsi. Ɗauko min ƙaro."

Ya jiƙa ƙaron ya yi kauri. Ya manna ƙwayar dawa a madannin da ke kunnawa da kashewa. Ya sa ƙwayar shinkafa a lambar Makka, gero a tashar da ake wa'azi da Hausa. Akwai wani ɗan ƙarami mai ɗauke murya gaba ɗaya hoto ya ci gaba, nan ya sa baƙin irin albasa, ya ce in an kira salla a masallacin unguwa in danna shi, kada muryoyi biyu su haɗu. Dogon madannin da ke gefe bai buƙaci komai ba, sama ƙara murya, ƙasa ragewa.

Ya kama babban yatsana ya bi da shi kan ƙwayoyin, ya ce in rufe ido. Dawa, shinkafa. Sai ga Ka'aba. Na yi guɗa ban sani ba, ya ce, "A'a, tsohuwa, ba aure anka ɗaura ba."

Shekaru muka yi haka. In ƙwaya ta faɗi ya maye ta da wata. Ni ban taɓa riƙe gurbinsu a kaina ba, yatsa ne ke nemo hatsi ya danna.

Da Allah ya karɓi ran Malam na shiga takaba, na rufe talabijin da zane. Sanda na kusa fita, matar ɗan nawa ta zo daga Rabah ta gyara mini ɗaki. Yarinyar kirki ce, ban da abin da zan ce da ita sai albarka. Ta share, ta wanke, ta goge kwanoni. Da yamma ta durƙusa gabana da rimot a hannu biyu, tana murna.

"Inna, duba. Hatsi duk ya manne mashi da datti, na sa tsinke na kankare. Ya koma sabo."

Na karɓa. Na shafa shi, santsi daga sama har ƙasa. Na ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Na shiga bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar bakwai.

Za ku ce mi ya hana in tambaya. Mijinta ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, balle in zaunar da shi ya koya mini abu. Ita kuma in na gaya mata, na nuna mata ta goge aikin hannun surukinta da ba zai dawo ba. In na kira wani a unguwa, kafin magariba zance ya zama tsohuwa na ƙorafi da surukarta.

Bayan ta tafi na yaye zanen. Madannin kunnawa bai ɓace mini ba, shi kaɗai ne ja. Sauran na shiga dannawa da bisimilla. Na faɗa kan 'yan ƙwallo. Na danna wani, sai ga mata na rawa da tufafin da ba zan iya faɗa ba, a ɗakin da Malam ya cika, murya kamar ta tsaga bango. Na ruɗe, na danna nan na danna can, gilashin ya koma shuɗi da rubutu a kai. Daga nan ko mi na taɓa, shuɗin nan ne. Na mayar da zane.

Aka yi girbin gero, aka dasa albasa. La'asar ce ta fi mini tsawo. In na sallame salla sai in zauna kan tabarmar, gefen Malam babu kowa, gabana zane. Ina jin kaji, ina jin turmin maƙwabta. Wani lokaci in ɗauko rimot in yi ta shafawa, ko wani ɗan gurbin ƙaro ya rage. Ta goge shi da kyau.

Sai da aka yi suna a dangi matar ɗan nawa ta sake zuwa.

"Inna, mi ya hana ki kallo? Ko batir ne?"

"Ido ne, ɗiyata."

Ta yaye zanen, ta ga shuɗin, ta ce ba komai ba ne. Yatsunta suka yi ɗan gudu, hoto ya dawo. Ta shiga wuce tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Can sai na ga farin dandalin nan da mutane na kewayawa. Na kama hannunta.

"Tsaya nan. Bar min shi nan."

"Ga lambar, Inna, wagga ta tsakiya..."

"Bar shi kawai."

Tun ranar ban ƙara danna rimot ba. Yana cikin kwalla, na rufe. A makunnin bango nake kunnawa, a bango nake kashewa, tashar na nan inda ta bar ta. Wa'azin ya wuce ni, muryar ma yadda ta saita haka take, ta ɗan yi mini ƙasa, sai na matso da tabarma.

Damina nake tsoro. In hadari ya taso hoton yakan farfashe, masu ɗawafi su tsaya cak, sannan su ɓace. Sai in zauna ina salati, ban taɓa komai ba, har ruwa ya ɗauke su dawo. Zuwa yau dai suna dawowa.