Akwatin Baffa mai fitilu

Baffana bai taɓa danna madannin kwamfuta ba har ya koma ga Allah, amma a layinmu na Umdurman shi aka sani da mai kwamfuta. Ni da nake kwana in tashi da ita, 'yar ɗan'uwansa ce kawai mai kawo shayi.

A zamanin sojoji ne, lokacin da kowa ya zama mai gadin tarbiyyar wani, nake ɗaukar bidiyon biki a ɓangaren mata. Abin da ya ba ni abinci shi ne rawar amarya. A garinmu amarya takan yi rawa da ado mara nauyi a gaban mata zalla, ba namijin da ke shiga sai ango. Ɗauka ba ta da wuya, tacewa ce matsala, don duk shagunan da ke yanka hoto su jera su sa kiɗa na maza ne. Ana ta raɗe-raɗin cewa kaset ɗin wata amarya ya fita daga wani shago ya zaga gari, har aurenta ya mutu. Daga nan iyaye mata suka gwammace su karɓi ɗanyen kaset, da girgizar hannuna da hoton silin da komai, su kulle a akwati.

Sai na ga hanya. Idan ina da kwamfuta a gida, kaset zai fito daga hannun mace ya koma hannun mace. Wata maƙwabciyarmu, dattijuwa da ke shirin aurar da autarta, ta ji niyyata ta kira ni. Ta riƙe hannuna ta ce, “'Yata, zan ba ki rawar yarinyar nan ki gyara. Amma ki rantse mini idon namiji ba zai sauka a kai ba.” Na rantse. Na kwashi adashina, na zauna na auna abin da zai iya saya.

Kuskurena ɗaya, na faɗa a gaban Baffa. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne babba a gida, tela ne a Kasuwar Umdurman wanda kayan kanti suka kwashe wa rabin masu ɗinki. Ya ce mace ba ta zuwa sayen inji ita kaɗai, cuta za a yi mata. Ya ƙara mini ɗan abin da ya ƙara, kuma daga ranar ya fara cewa “kwamfutarmu”. Kafin mu hau mota zuwa Khartum ta zama “kwamfutata”.

Abin da nake nema ba shi da kyan gani. Bidiyo cin wuri gare shi, don haka ina son had disk biyu, ɗaya na injin ɗaya na hotuna. Ina son ram mai yawa don kada ta riƙa sumewa ana tsakar aiki, da katin da zai janyo hoto daga kyamara, da na'urar daidaita wuta, don wutar garinmu kamar baƙon kunya take, ta leƙo ta koma. Furosesa kuwa, wato ƙwaƙwalwar injin, na yarda in ɗauki na jiya, madabod ma, faifan da komai ke maƙale a kai, na hannu. Kayan duk ta Dubai suke zagayowa saboda takunkumin da aka sa wa ƙasarmu, ba mai tambayar asalinsu.

Mai shagon ɗan Hausawan yankin Jazira ne, kuma cikin minti kaɗan ya gane wa ke da murya a cikinmu. Na ce ya nuna mini ram. Ya ɗora ɗan siririn abu a tafin hannuna. Baffa ya leƙo.

“Wannan ɓawon raken ne za ki zuba wa kuɗi? Ya zol, kai malam, nuna mana kwamfutar kanta.”

Mutumin ya sauko da wani baƙin akwati, ya sa masa wuta. Shuɗayen fitilu suka kama a gaba, fanka ta ɗauki gurnani. Fuskar Baffa ta yi haske kamar an yi masa albishir da Makka.

Na ce, “Baffa, wannan fa fanko ne. Riga ce kawai. Aikin a ciki yake.”

“Ni za ki gaya wa riga? Shekara nawa ina ɗinki? Mutum da rigarsa ake gaishe shi.”

Mai shago ya ce, “Kalamak sah, Alhaji, maganarka gaskiya ce.” Da Baffa ya ce rana daga yamma take fitowa, haka zai ce.

Muka yi ta ja. Akwatin ya cinye had disk na biyu. Lasifika biyu masu tsayin yaron goye suka cinye rabin ram. Ƙaton allo ya haɗiye na'urar daidaita wuta. A kan katin janyo hoto ne na kafe, na ce in ba shi a mayar mini da adashina in koma gida. Baffa ya ce wa mai shago, “Ba ta, 'yan mata da son tarkace.” Raina yana tafasa, ina kallon kuɗin da na tara da tsayuwa a gidajen biki ana mayar da su fitila.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da muka iso gida na nufi ɗakinmu da kayan, sai Baffa ya daka wa mai ɗauko su tsawa ya nuna diwan, ɗakin baƙinsa maza. Na ce aikin mata zan yi a kai. Ya ce abu mai daraja ba ya zama kusa da murhu. Aka girke ta tsakanin gadaje biyu na baƙi, ya ɗinka mata mayafi mai geza da hannunsa. Kullum bayan la'asar abokansa su taru, ya yaye mayafin, ya kunna fitilu, su yi ta masha Allah. Allon kuwa ba ya kunna shi, wai yana kashe ido. Gaskiyar ita ce ranar da ya kunna, rubutun da ya fito ya tambaye shi abin da bai da amsarsa.

Biki ya zo ya wuce. Kaset ɗin amarya yana ƙarƙashin matashina, uwarta tana aiko tambaya, ni kuma injina yana tsakiyar maza suna shan jabana, gahawarsu, a kansa.

Wata safiya da ya tafi kasuwa na ɗauki sukudireba na shiga diwan. Na kwance madabod, na zare disk da kati da wayoyi, na kwashe hanjin kaf. Na bar masa fitilunsa da fankarsa, na haɗa musu wuta da wani tsohon abin wuta da na samo a kasuwar Suk al-Shabi. Lasifikan dama rediyonsa suke wa aiki. Kayan cikin na jera su a tsohuwar adakar ƙarfe ta mahaifiyata, wadda na kai wa maƙeri ya huda mata ƙofofin iska. Matar da ta koya mini ɗaukar hoto ta ara mini ɗan ƙaramin allo mai tabo a kusurwa. Da yamma Baffa ya dawo ya kunna, fitilu suka kama, ya ce wa baƙinsa yau ma ta fi sauri.

A ɗakinmu na yi aikin, ƙofa a rufe, zufa tana bin bayana. Rabin ram ɗin da lasifika suka ci kullum sai na tuna da shi, don injin yakan tsaya ya yi tunani kamar mai bin bashi ya tare shi. Wuta ta ɗauke, in sake daga farko. Amma na gama. Na yanke inda hannuna ya girgiza, na daidaita kiɗa da taku, yarinyar ta fito kamar yadda uwarta take ganinta.

Ranar karɓa dattijuwar ta zo da mijinta. Shi ya shiga diwan wurin Baffa da baƙinsa, ita ta shigo wurina. Ta kalla tana share hawaye da gefen mayafinta, tana sa mini albarka. Tagar diwan tana kallon tsakar gida, muryar Baffa kuma ba ta san rufi ba. Muka ji ya kunna fankarsa, muka ji yana cewa:

“Ai a nan aka yi aikin, ga injin. Ni da kaina na zauna a kai, daga farko har ƙarshe. Ita yarinyar miƙo mini kaya kawai take. Masha Allah, 'yarka ta iya taku.”

Dattijuwar ta janye hannunta daga nawa a hankali. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, “Kin rantse mini.” Daga can na ji muryar mijinta ta sauya: “Me ka ce ka gani, Alhaji?”

Na san Baffa. Ba zai janye ba, ƙari zai yi. Kafin magariba zancen zai kai gidan ango, kuma ba sunana kaɗai zai ɓaci ba, auren yarinyar da ko lallenta bai goge ba ne zai girgiza. Na ɗauki sukudireba, na ja dattijuwar har ƙofar diwan, na shiga ba sallama, abin da ban taɓa yi ba.

Baffa ya ce, “Ke, lafiya?”

Na ce, “Ku gafarce ni, Baffa.”

Na kwance murfin gefe na jingine shi a bango. Fanka tana juyawa a cikin fili, wayar fitilu tana lilo, gizo-gizo har ya yi saƙa a kusurwa. Na ce wa uban amarya, “Ku duba da kyau. Babu abin da za a gani da wannan, ko hoton akuya. Injin yana ɗakin mata tun kafin in sa kaset ɗin, Hajiya ta gan shi da idonta. Baffa bai ga komai ba.”

Mutumin ya sunkuya ya leƙa, har ya zura hannu ya taɓa ƙasan akwatin. Sai ya saki ajiyar zuciya, daga nan dariya ta ƙwace masa, sauran baƙin suka taya shi. Wani ya ce, “Alhaji, ashe riga muke gaisarwa!” Baffa ya kalli cikin akwatin, ya kalle ni, ya miƙa hannu ya kashe fitilun.

Labarin ya zaga unguwa, kuma shi ya cika mini ɗaki da kaset. Iyaye mata suka ce wadda ta buɗe cikin baffanta don ta rufe na 'yar wani, a ba ta amana. Na sayi ram ɗin da na rasa, na sayi disk na biyu. Da za a maimaita ranar, haka zan sake yi, amma ƙarya nake in na ce ba ta yi mini ciwo ba. Taron la'asar ya watse a hankali. Baffa ya ci gaba da amsa gaisuwata, yana cin abincina, sai dai bai ƙara tsokanata ba, kuma bai ƙara raka ni ko'ina ba.

Bayan rasuwarsa muna fitar da kayansa na tarar da akwatin a ƙarƙashin gadonsa, naɗe cikin mayafinsa mai geza. Ya mayar da murfin da kansa. Bai san yadda ake ɗaure kusoshin ba, sai ya zura zare mai kauri ta ramukan ya ɗinke shi.