Ranar da Gwiwar Yaya Ta Ƙi Tashi

Yayata ta yi ritaya daga soja da muƙamin Manjo, ta dawo Daura ta ce za ta nemi kujerar majalisar jiha. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, ana ta gardama kan ko ya dace mace ta wakilci maza. Ni dai tsoro nake ji, amma ni ce mai digiri a gidan, sai aka ce in riƙa raka ta.

A wani ƙauye kusa da garin Babban Mutum, an ce duk inda dagaci ya karkata, nan ƙuri'u za su bi. A mota na yi ta tuna mata, wataƙila har na gundure ta: "Yaya, a durƙushe fa ake gaisuwa."

Muna shiga zauren dagacin na zube. Na ɗaga kai, sai ga Yaya a ƙame cikin hijabi, hannuwa manne da cinyoyi. Ina jin ba da gangan ta yi ba, jiki ne ya saba.



Dagacin ya ce, "Manjo, gwiwar ce ta yi tsatsa a bariki?"

"Ranka ya daɗe, a can wanda ake girmamawa shi ake miƙe wa."

"To, nan ba can ba ne."

Ta durƙusa. Gwiwar da ta taɓa ji wa rauni wajen atisaye ta yi ƙara, kowa ya ji. Ta raɗa mini, "Ba zan iya tashi ba. Kada ki kama ni a gabansu."

Gaisuwar tsaye-tsaye ta yi niyyar yi, ga wasu ƙauyuka na jira. Sai ta gyara zama a ƙasa, ta ce, "Me ke damunku a garin nan?" Suka fara da rijiyar da ta ƙafe, suka gangaro kan takin da ba ya isowa sai shuka ta wuce. Ba ta motsa ba har aka kira la'asar maza suka fita, sannan na ɗaga ta.

Ba zan rantse cewa zaman ne ya jawo ba, amma ƙauyen ya zaɓe ta. Da ta koma godiya, muka tarar an shimfiɗa mata tabarma kusa da bango, inda za ta dafa ta miƙe da kanta.