Da'u Magini da Dattijon Cikin Tabarau

Da'u mutumin Toranke ne, maƙwabcina. Da damina yana gona, da rani yana ɗora bulo. Ba shi da yawan magana, kuma tun yana yaro ban taɓa ganin ya ɗaga ido ya kalli babba ba.

Ranin bara wani kamfani ya zo gina bene a Gaya. Aikin zai kai har faɗuwar ruwa, ga shi geron Da'u bai yi kyau ba, rumbunsa ya kusa ƙasa. Ya tafi neman a ɗauke shi.

Kamfanin ba ya ɗaukar kowa sai an gwada shi. Akwai wani tabarau mai kauri da ake ɗaura wa mutum a fuska, sai ya ga kansa a tsakiyar wurin gini, alhali yana tsaye cikin rumfa. Ana ba shi wani ɗan abu ya riƙe. Maiwada, shugaban leburori, ya ce, "Duk wanda ka ga yana ganganci, ka nuna shi da wannan. Shi ke nan."

Abin da Da'u yake gani yana fitowa a allo, kowa na kallo. Ya nuna wani saurayi da ya hau tsani a karkace. Ya nuna ramin da ba a rufe ba. Sai ga wani mutum mai furfura, ba hular kwano a kansa, yana tsaye ƙarƙashin bulon da ake ja sama.

Da'u ya sauke hannu. Ya ɗan russuna ya ce, "Baba, a matso nan kaɗan."

Bulon ya faɗo a kan mutumin. Rumfa ta kaure da dariya.

Maiwada ya ce, "Kawu, hoto ne fa. Ko surukinka ne?"

"Na sani. Amma ya haife ni. Yaya zan nuna shi da yatsa?"

Aka sake ba shi dama. Da aka zo wurin dattijon, ya miƙa tafin hannu a buɗe, yadda ake yi wa manya. Abin da yake riƙe ya suɓuce ya faɗi. Na'ura ba ta ga komai ba.

Maiwada ya zare masa tabarau. "Je ka yi wa danginsa ta'aziyya. Na gaba."

Wani ya ɗauka a waya. Kafin Da'u ya iso gida an gani a Toranke. Masu babur suka riƙa tsayawa kusa da shi suna cewa, "Baba, a matso nan kaɗan." Masu ƙananan gine-gine ma da suka saba kiransa suka ce ai na'ura ta ce bai san haɗari ba.

Gero ya ƙare tun kafin azumi. Da'u ya sayar da cokalin gininsa da ma'auni a kasuwar Gaya, ga wani da aka ɗauka a ranar da aka kore shi. Yanzu yashi yake ɗiba a rafi.