Raket a Hannun Mai Ɗaure Ganga

Ina ɗan shekara goma sha biyar a lakwal, wato makarantar boko, ta Birnin Konni, malamin da ke koya mana tanis ya jera raket uku na katako, ya ce in zaɓa. Na ɗauki marar nauyin cikinsu, duk da igiyarsa biyu sun tsinke. Ya ce in yi haƙuri, wani direba zai kawo igiyar roba daga Sakkwato.

Haƙurin ne ba ni da shi. Na kai wa kawuna a Tsarnawa, wanda duk gangar garin shi ke ɗaure ta. Ya jujjuya raket ɗin, ya ja tsaki.

"Wannan saƙar ragwaye ce, ɗana. Dawo jibi."

Da na dawo, sai na sandare a bakin zaure. Ashe ya yanke igiyoyin duka, ya jiƙa tsirkiyar fatar akuya, ya saƙa ta da danshinta, ya shanya a rana, yadda yake yi wa ganga. Fata ta bushe ta ja katako. Kan raket ya lanƙwashe kamar ludayi, gefe guda ya tsage.

"Kawu, me ka yi haka?" na ce.

Ko kallona bai yi ba. Ya kai raket ɗin kunne, ya ƙyasta saƙar da yatsa, ta yi amo.

"Ka ji?" in ji shi. "Da ka kawo shi, ko magana ba ya yi."