Ragar da Aka Sa wa Baba a Zuciya

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, Baba ya faɗi a gona dafe da ƙirji. Daga asibitin garin Isa aka tura mu Sakkwato, daga can zuwa wani asibiti a Abuja. Likita ya ce jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ta toshe, sai an zura mata wata 'yar ragar ƙarfe da ba ta kai gaɓar yatsa ba, ta riƙe hanyar a buɗe.

Ya ce iri biyu ne. Akwai ƙarfe zalla, nama kan rufe shi da wuri, amma jijiyar takan sake tsukewa. Akwai wadda aka shafa wa magani, ba ta cika tsukewa ba, sai dai tana jinkirin warkewa, dole Baba ya sha ƙwayoyin hana jini daskarewa kullum har tsawon watanni, ba fashi. Ni ne ɗan boko a gidanmu, Baba ya ce in zaɓa. Na zaɓi mai maganin.

Aka sa wa Baba ita, ya murmure sosai. Bayan wata biyu rumbunmu ya kusa ƙarewa, ya ce zai je kasuwar Sabon Birni neman dawa. Na ce ya bari in je.

"Za ni da kaina," in ji shi. "Kai ba ka san hatsin kirki ba."

Na bi shi, muka shiga motar kasuwa. Da hantsi, ba mu yi nisa ba, mutane a kan babura suka tare hanya. Direbanmu ya yi ƙoƙarin juyawa, suka harbe shi a wuya, jininsa ya fantsamar mini a fuska. Suka fiffizgo mu waje, suka kora mu daji da duka. Wani ɗan tireda ya ruga, suka bi shi da babur suka sare shi muna kallo.

Da aka tsaya, ɗaya ya laluba aljihun Baba ya ciro ƙwayoyin. Ya zaci na maye ne. Ya tauna biyu, ya tofar, ya zubar da sauran ya murje da takalmi.

"Don Allah ka bari," na ce. "Ran tsohon nan na ciki."

Ya ba ni gindin bindiga a baki. Haƙorana biyu suka zube.

Suka ɗaure mu da sarƙa ɗaya a gindin marke. Baba ya fi ni juriya, shi ke tauna mini dambu ya ba ni saboda bakina ya kumbura. A rana ta tara, bayan azahar, gumi ya karyo masa.

"Ciwon nan ya dawo," ya ce. "Ka riƙe ni."

Na roƙi mai gadinmu har muryata ta dushe. Ya ce in na sake magana zai fasa mini kai. Baba ya yi kalmar shahada sau biyu, kafin la'asar ya cika a cinyata. Suka jefo mini guntuwar fartanya in binne shi. Ƙasa ta bushe kamar dutse, iya gwiwa na iya tonawa.

Bayan dangi sun biya kuɗin fansa sun karɓo ni, na kira likitan na tambaye shi ko da ƙarfe zalla muka ɗauka da Baba ya rayu. Ya ce mai yiwuwa, amma ba wanda zai tabbatar mini.

Inna ba ta tambaye ni yadda ya rasu ba. Ta ce in nuna mata wajen da kabarin yake, ko da hannu ne. Na fita ƙofar gida na dubi gabas, na dubi arewa, na kasa.